Ranchers Bees da 'Yan Kallon da Suka Watse

Hanwa unguwa ce a Zariya, tana gindin dutsen nan da a ke kira da sunanta, kusa da Kwangila, inda hanyar da ta taso daga Kaduna za ta Kano ta gicciye wadda ta nufi Samaru da Funtuwa. Saboda haka mutumin Hanwa ba ya wahalar samun mota. Daga nan zuwa Kaduna kamar mil 50 ne, watau wajen kilomita 80. A shekarun 1980 samarin wannan wuri, da na Tudun Wada da na Sabon Gari, su kan haɗa kuɗin mota ranar wasa su tafi Kaduna kallon ƙwallo, su komo gida bayan isha'i muryoyinsu sun dushe. Ƙungiyar da ta ke jan su kuwa ita ce Ranchers Bees. Motoci na nan a Kwangila har gobe, har sun fi na dā yawa da sauri, amma wannan tafiya ta mutu. Dalilan mutuwarta suna da yawa, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a gane su.

Wasan ƙwallon ƙafa, wanda tsofaffi ke kira tamaula, Turawa suka kawo shi, ya shigo Arewa ta hanyoyi uku: makaranta, da barikin soja, da reluwe. Zariya kuwa ta haɗa duka ukun. Jirgin ƙasa ya iso ta tun kafin ya kai Kano cikin 1911, ga makarantar horon kuratan soja, ga kuma makarantu irin su Kwalejin Barewa wadda aka komo da ita Zariya cikin 1949. Yaron Hanwa na wancan zamani ya fara ganin ƙwallo ne a ƙafar ma'aikatan reluwe da 'yan makaranta, sa'an nan ya je ya ɗaure tsumma ko ya tsinko lemon da bai nuna ba ya shiga kwaikwayo. A cikin 1945 Gwamna Sir Arthur Richards ya ba da kofi don a riƙa gasa a kansa, aka sa masa suna Kofin Gwamna. Da fari ƙungiyoyin Ikko kaɗai ke yi, daga baya aka buɗe wa sauran garuruwa, har Kano ta ɗauko shi cikin 1953. Wannan kofi shi ne aka sake wa suna ya zama Kofin Ƙalubale. Sai cikin 1972 aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya, wadda kowace ƙungiya ke karawa da 'yar'uwarta gida da waje, a ƙidaya maki a ƙarshen shekara. Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye ta, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ci a 1978.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙungiyoyin wancan lokaci yawancinsu na ma'aikatu ne. Kamfani ko wata hukuma ta Gwamnati ita ke kafa ƙungiya, ta ɗauki 'yan wasa aiki kamar sauran ma'aikata, a rubuta sunansu a takardar albashi, su yi atisaye da yamma, su yi wasa ƙarshen mako. Kaduna kuwa garin ma'aikatu ce. An buɗe masaƙar farko a Kakuri cikin 1957, wasu suka biyo baya, har da babbar masaƙar UNTL, wadda a ƙungiyarta ne Rashidi Yekini ya fara fitowa, shi ne kuwa ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar Kofin Duniya cikin 1994. Akwai kuma ma'aikatar ƙera makamai ta soja, wadda a ke kira DIC, da aka kafa cikin 1964. Ita ma tana da ƙungiyarta, DIC Bees. Kalmar nan ta ƙarshe ma'anarta ƙudan zuma, suna ne kuwa da ya dace da masu kai hari a taru.

Wannan tsari yana da wani amfani da ba a lura da shi ba sai da ya gushe. Ma'aikatar da ta haifi 'yan wasa ita ce kuma ta haifi 'yan kallo. Mutum dubbai suna karɓar albashi ƙarshen wata, suna da ranar hutu sananniya, suna da 'yan sulallan da za su saya tikiti da rake da gyaɗa. Mai tsaron gidan nan da su ke yi wa kirari, ranar Litinin tare za su tsaya layin abinci. In ƙungiya ta ci, ma'aikata duka suka ci. In ta sha kashi, to, akwai wanda za a tsare a bakin ƙofa a tambaye shi dalili.

DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale cikin 1983, ta kara da Rangers ta Inugu, aka tashi ba wanda ya ci wani, Rangers ta ɗauke kofin a bugun fanareti. Bayan wannan ne ƙungiyar ta koma hannun wani attajiri, Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata cikin 1999, aka sake mata suna Ranchers Bees. Ba shi kaɗai ne attajirin da ya shiga wannan sha'ani ba. A Abekuta Cif M.K.O. Abiola yana da Abiola Babes, a Oweri Cif Iwuanyanwu yana da tasa, a Badun kuma kamfanin Leventis ya kafa Leventis United. Zamanin masu kuɗi ke nan, kowa na neman 'yan wasan da suka fi gwaninta ya biya su abin da ma'aikata ba ta iya biya.

Shekaru uku a jere su ne ganiyar Ranchers Bees. Cikin 1987 ta sake kai wa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta hana ta. Amma a ƙarshen wannan shekara aka rushe Abiola Babes, saboda haka Ranchers ce ta wakilci Nijeriya a gasar Afirka ta masu riƙe da kofuna cikin 1988. Ba wanda ya zaci za ta yi nisa, sai ga ta a wasan ƙarshe, inda ƙungiyar Bizerte ta ƙasar Tunisiya ta rinjaye ta da ƙyar. Da shekara ta kewayo, watau 1989, ta shiga gasar ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, ta doke ASEC ta Abijan a wasan ƙarshe, ta kawo kofi Kaduna. Filin wasa na Ahmadu Bello ya kan cika tun rana na tsaka, wanda bai sami shiga ba ya manna rediyo a kunne. A cikin 'yan wasan akwai wani yaro haifaffen Kaduna, bai kai shekara 18 ba, sunansa Daniel Amokachi.

To, a daidai lokacin da a ke wannan murna, gara ta riga ta shiga ginin. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin nan na gyaran tattalin arziki da a ke kira SAP, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin wannan shekara naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya. Zuwa 1993 sai mutum ya ba da fiye da naira 20 kafin ya sami dala ɗaya, a farashin Gwamnati ma ke nan. Ma'anar wannan ga ɗan wasa a fili ta ke: abin da ƙaramar ƙungiya a Beljiyam za ta ba shi a wata ɗaya, attajirin Kaduna ba ya iya ba shi a shekara. Stephen Keshi ya riga ya buɗe hanya, ya bi ta Abijan ya isa Beljiyam cikin 1986, samari suka bi sawunsa. Amokachi ya buga wa Nijeriya gasar Kofin Afirka a Aljeriya cikin 1990, a wannan shekara kuma ƙungiyar Club Brugge ta ɗauke shi. Daga can ya wuce Everton ta Ingila cikin 1994.

Ba wanda zai ga laifin yaron da ya bar gida don neman abin da zai riƙe iyayensa. Amma ɗan kallo ba ya biyan kuɗin mota daga Kwangila don ya ga riga da tuta. Gwani ya ke zuwa gani, gwanaye kuwa da sun fara tashe sai a kwashe su. Misali ɗaya ya isa. Cikin 1996 Nijeriya ta ci zinariya a wasannin Olamfik a Atlanta, ta doke Ajantina da ci 3 da 2. A cikin 'yan wasan nan akwai 'yan Kaduna biyar: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, da wansa Emmanuel. Gari ɗaya ya ba da mutum biyar ga ƙungiyar da ta fi ta kowace ƙasa a duniya a wannan gasa, amma a ranar babu ko ɗayansu da ke buga wa wata ƙungiya ta Kaduna. Ita ma Zariya tana da irin nata labarin ta wata fuska, domin Shola Ameobi, wanda ya shekara da shekaru yana ci wa Newcastle ƙwallo, a Zariya aka haife shi cikin 1981, aka tafi da shi Ingila yana ƙarami.

An yi ƙoƙarin tare wannan ɓaraka. Cikin 1990 aka kafa gasar ƙwararru, watau ƙwallo ta zama sana'a sosai, kowace ƙungiya ta tsaya da ƙafarta kamar kamfani, ta ci daga kuɗin ƙofa da na talla. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai an kafa shi ne a lokacin da aljihun talaka ya huje, attajirai kuma suna janye hannu, gama Abiola da Leventis sun riga sun rufe nasu tun 1987. Waɗanda suka saura suka ga kuɗi na fita ba ya komowa. A hankali yawancin ƙungiyoyi suka koma hannun gwamnatocin jihohi, kamar Kano Pillars wadda aka kafa a 1990. Ƙungiyar da ke hannun mutum ɗaya, irin Ranchers, ta shiga gasa da baitulmalin jiha. Ƙarfinta ya yi ta raguwa har ta faɗo daga rukunin farko.

Sa'an nan sai ma'aikatu suka shiga mutuwa. Rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da atamfar waje da a ke shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, suka taru suka durƙusar da masaƙun Kakuri. Masaƙar farko ta 1957 ta tsaya cikin 2002, UNTL ta rufe ƙofa cikin 2007, mutum dubbai suka rasa aiki. Jirgin ƙasa, wanda dā shi ne uban tafiyar talaka tsakanin Zariya da Kaduna, ya zama sai jefi-jefi. Wanda ya rasa albashi ya koma acaba ko tireda, ba shi da ranar hutu, gama Asabar ma ranar nema ce. A kan wannan kuma aka ƙara tsoro. Rikicin Kaduna na 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun raba garin biyu, kowa ya koma unguwar da ya ke ganin ya fi samun kwanciyar rai. Filin ƙwallo wuri ne da dā Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutumin kudancin Kaduna ke zama benci ɗaya suna zagin alƙalin wasa da baki ɗaya. Bayan waɗannan fitinu, uba a Hanwa ba ya sakin ɗansa ya tafi taron dubban mutane a wani gari ya komo da dare.

Amma duk waɗannan da an iya jure musu, in da ba wani abin da ya zo ya tsaya a madadin filin. Abin da ya zo kuwa shi ne gidan kallo. Cikin 1992 aka kafa gasar Firimiya a Ingila, aka shirya ta musamman don talabijin. Cikin 1995 kamfanin DStv ya fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam. Ba kowa ke iya sayen kwanon nan da a ke kafawa bisa rufi ba, sai masu dabara suka ga hanyar abinci: a kafa rumfar kwano, a jera bencina, a sayi talabijin da ƙaramin janareta, a rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, a tsaya bakin ƙofa a karɓi 'yan kuɗi kaɗan. Da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal cikin 1999, rabin samarin gari suka zama 'yan Arsenal. Celestine Babayaro yana Chelsea tun 1997, Mikel Obi ɗan Jos ya je can cikin 2006, sauran kuma suka rabu tsakanin Manchester United da Barcelona da Real Madrid. Saurayin Hanwa ya auna: ga tafiyar mil 50 da kuɗin mota zuwa da komowa, don ya ga 'yan wasan da bai san sunansu ba a kan fili mai ƙura, ga kuma rumfa bayan gidansu, inda zai ga gwanayen duniya, a maimaita masa kowace ƙwallo sau uku, ya fito ya sami sallar magariba a masallacin unguwa. Ba a bukatar malamin lissafi kafin a san wadda zai zaɓa.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa talabijin laifin duka, ko da ya ke masu riƙe da ƙungiyoyi sun fi son a tsaya nan. Gasar gida ita ma ta kori mutanenta da hannunta. Shekaru da yawa abin da aka sani shi ne, mai masauki ba ya shan kashi. Baƙuwar ƙungiya ta kan kwana a hanya cikin mota, 'yan wasanta na bin albashin watanni, ta iso ta tarar da alƙalin wasa wanda shi kansa yana tsoron yadda zai fita daga filin in mai gida ya faɗi. Sai ga fanareti a minti na ƙarshe. A rana guda cikin Yuli 2013, a wasannin neman hawa rukuni na ƙasa, ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci abokiyar karawarta 79 da babu, Police Machine kuma ta ci tata 67 da babu, kowace na neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Hukumar ƙwallo ta hukunta su, amma labari ya riga ya zaga duniya. Wasa kuwa daɗinsa rashin sanin ƙarshensa. Shi ya sa gidan dambe bai taɓa rasa mutane ba, ko da ya ke ba shi da benci mai kyau ko inuwa: ba mai iya faɗa maka tun da safe wanda zai kai ƙasa da yamma.

Wannan ciwo ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka da Kanada akwai wani wasa da su ke ji da shi, besbol, wanda a ke jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri wani ya maka mata kulki ya zaga fili a guje. Birnin Montreal na Kanada ya sami ƙungiyarsa, Expos, cikin 1969, kuma cikin 1983 mutanen da suka biya suka shiga kallonta sun haura miliyan 2. Cikin 1994 ita ce kan gaba a gasar duka, sai 'yan wasa suka shiga yajin aiki, aka soke sauran wasannin shekarar. Da aka komo, masu ƙungiyar suka rabu da manyan gwanayensu don rage kashe kuɗi. Mutane suka ɗauke ƙafa, har cikin 2001 'yan kallo na shekara duka ba su kai 650,000 ba. Kuɗin ƙofa ya ragu, aka ƙara sayar da gwanaye, 'yan kallo suka ƙara raguwa. Bayan wasannin 2004 aka kwashe ƙungiyar ɗungum aka kai ta Washington, aka sake mata suna. Bambancin kawai shi ne, a can ƙungiya ta kan yi ƙaura ta bar gari, a nan kuwa ta kan zauna a garin ta tsufa ba mai leƙa ta.

Kaduna ta yi ta yunƙurin tashi. An gyara filin Ahmadu Bello don gasar matasa ta duniya cikin 1999, aka sake gyara shi don ta 'yan ƙasa da shekara 17 cikin 2009, kuma a duka biyun mutane sun zo. Ranchers Bees ta sake hawa rukunin farko cikin 2009, ta faɗo cikin 2010. A wannan shekara ta 2010 Kaduna United, ƙungiyar gwamnatin jiha, ta doke Enyimba ta Aba a bugun fanareti ta ɗauki kofin nan da Ranchers ta nema sau biyu ba ta samu ba. Da a 1987 aka yi haka, da an kwana ana kiɗa daga Kakuri har Kwangila. Amma samarin da ya kamata su yi murnar sun riga sun ba da zuciyarsu ga ƙungiyoyin da ba su taɓa ganin filinsu ba. Kaduna United ta faɗo cikin 2014. Kada City ta hau cikin 2019, ba ta wuce shekara ɗaya ba.

Kano ce ta nuna cewa abin bai gagara ba. Pillars ta ci gasar ƙasa cikin 2008, sa'an nan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya yi suna a ƙasar nan wajen cika, alhali gidajen kallo a Kano sun fi na Zariya yawa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, Bakano ya ɗauki ƙungiyar nan abin garinsu, yana tafiya filin da ƙafa daga cikin birni, yana kuma ganin yaran unguwarsu a ciki. Ahmed Musa a nan ya yi tashe, ya ci ƙwallo 18 a gasar 2010 kafin ya tafi Turai.

Cikin 2021 wani abu ya faru wanda ya shafi Kaduna kai tsaye. Saboda annobar korona an mai da filin Kano wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma yin wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello. A watan Afrilu na wannan shekara Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Nijeriya, ya komo ya sa hannu zai buga mata na ɗan lokaci. A lokacin akwai dokar hana cunkoso a filayen wasa. Da jin gwani ya sauka, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa filin nan da ya shekara goma sha yana kewar mutane, har hukumar gasa ta ci Pillars tara saboda 'yan kallo sun yi yawa.